Ƙwanƙwasa Biyu a Bakin Turmi

Tun cikina yana wata biyar nake tsoron rijiyar gidan mijina, kuma ban gaya wa kowa ba. Tana tsakar gida ne, can wajen rumbuna, bakinta daidai da ƙasa. An gicciya mata itace huɗu waɗanda igiyar guga ta ci har suka yi santsi. Murfinta wani tsohon ƙyaure ne, wanda ya ja ruwa shi zai mayar, in ya tuna. Ranar da aka kawo ni Horo Birni ina amarya, ta ƙarƙashin mayafi ba na ganin komai sai ƙasa da ƙafafun mutane, kuma ita na fara gani a gidan, baƙin rami a tsakiyar farar ƙasa. A lokacin ban kawo komai a raina ba. Sai da abu ya fara motsi a cikina na soma auna nisanta da ƙofar ɗakina. Taku ashirin da uku ne. Na auna ya fi sau goma, kullum ina fatan ya ƙaru.

Abin da ya sa tsoron ya yi mini nauyi shi ne ɗan fari zan haifa. Ni kaina 'yar fari ce, na san yadda kunyar ɗan fari take, a kaina aka yi ta. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna ce mata, domin tun da aka yaye ni a ɗakin kakata na tashi. In tana son in kawo wuta sai ta dubi bango ta ce, "Da wani zai ɗebo wuta." In na yi tuntuɓe na fasa gwiwa sai ta ci gaba da tankaɗenta, wani ya zo ya ɗaga ni. Ban taɓa jin haushi ba. Haka kowace mai kunya take yi, ni ma na san haka zan yi: ba zan kira shi ba, ba zan yi masa wasa a gaban mutane ba, ba zan nuna kukansa ya dame ni ba. To amma in ya nufi rijiya fa? Da wane baki zan tsayar da shi?

Da cikin ya kai wata bakwai aka mai da ni gidanmu a Danchadi goyon ciki. Rani ne, duk gari yana fadama ana ban ruwan albasa da alkama. Fadamarmu kuwa rijiyoyi ne birjik, gajeru, ba baki ba murfi, wata ma ciyawa ta rufe ta, sai ka zo kanta ka gan ta. Na san a nan na yi rarrafe, domin a nan Adda take yini da turminta a gindin wata tsamiya, tana kirɓa lawashi tana dunƙula gabu. Wata rana na kai wa maza fura tare da gwaggona, ƙanwar babana, sai na tambaye ta.

"Gwaggo, da ina rarrafe, wa ke tsare ni daga rijiyoyin nan?"

"Allah."

"Bayan Allah fa?"

"Ke, ciki ya sa miki surutu. Ba ga ki nan da ƙafafunki biyu ba? Riƙe ƙwaryar da kyau, kina zubar wa mutane da hura."

Ban sake tambaya ba.

Na sauka lafiya, namiji. Ranar suna aka raɗa masa sunan kakansa, mahaifin mijina da ya rasu tun kafin aurenmu. Daga ranar sunan ya shiga ɓuya. Ni ba zan faɗa ba, ɗan fari ne kuma sunan surukina ne. Ubansa ba zai faɗa ba, sunan mahaifinsa ne. Uwar mijina, wadda nake ce wa Inna, ba za ta faɗa ba, sunan mijinta ne. Liman ya faɗe shi sau ɗaya da safe, maroƙi ya maimaita, shi ke nan.

Ranar da za a mai da ni, an ɗaura kaya a kan jaki, gwaggo ta jawo ni gefe ta kama hannuna na dama ta zura mini wata munduwa ta tagulla.

"Ungo, in ji waccan. An ce kada ki cire."

Na san munduwar, tun ina ƙarama nake ganinta a hannun Adda. Ba ta da wani kyau. Tana da nauyi, ta dushe, gefenta guda ya baje kamar an taka. Ina da waɗanda suka fi ta a cikin kayan aurena. Na waiwaya in ga mai ita, sai na hango bayanta kawai, tana bayan ɗaki tana ɓarar gujiya kamar ba wanda zai yi tafiya.

A Horo Birni mu huɗu ne manya a gidan: ni, da mijina mai noma da kiwon shanun gidan, da Inna, da ƙanwar mijina wadda sa'ata ce, bakinta ba ya hutawa. Inna tana ce wa jaririn Maigida. Ƙanwar tana ce masa Babana. Ni kuwa in dole ta kama sai in ce "wancan".

Tun yana wata huɗu na fara neman hanyar da za a gina wa rijiyar baki. Ba zan iya cewa saboda shi ba, wannan rashin kunya ne a fili. Sai wata rana muna tsince wake na ce, "Inna, 'yan awakin nan suna yawan zuwa bakin rijiya. Kada wata rana ɗaya ta faɗa."

Ba ta ɗago ba. "Wagga rijiya ta girmi mijinki. Akuya ba ta taɓa faɗawa ba."

Ƙanwar mijina ta kwashe da dariya. "Matarmu akwai tausayin awaki. Wace akuya ce, mai ƙafa huɗu ko wadda ba ta fara tafiya ba?"

Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsintar wake. Inna ta ce akwai murfi, kuma murfi ya isa. Maganar ta mutu a nan.

Ya fara rarrafe ana gab da girbin gero. Da baya ya fara. Zai hango abu a gabansa, ya tattara ƙarfinsa duka, sai ya ga abin yana ƙara nisa, ya tsaya yana mamaki. Kwana shida yana haka. A na bakwai ina zaune a ƙofar ɗaki ina kaɗi, sai na ga gwiwa ɗaya ta matsa gaba, hannu ya bi ta, ɗaya gwiwar ta biyo. Ya yi taku uku ya kama gindin turmi. Mazarina ya tsaya a hannuna, zaren ya tsinke. Na yi sauri na ƙulla kada a gani. Amma a raina sai tasbihi nake yi, domin ba wanda ya koya masa. Ba wanda ya durƙusa a gidan nan ya nuna masa yadda ake yi. Abin yana cikinsa tun farko, lokacinsa kawai yake jira.

Daga ranar na koyi kallo da gefen ido, har wuyana ya riƙe. Kuma abin da na gani a watannin nan ban taɓa gani ba, ga shi a gidan nake kwana nake tashi. Ashe akwai hanyar tururuwa daga gindin rumbu har bayan danga, kowace da ƙwayar gero a ka. Shi ya nuna mini, domin ya bi su tun daga farko har ƙarshe, hancinsa kusan a ƙasa. Ashe da hantsi rana tana shigowa ta wata 'yar ɓula a jinkar ɗakina, ta sauka a tabarma kamar ƙwai. Ya yi kwanaki yana son ya ɗauke ta. Zai dafe ta da hannu, sai ta hau bayan hannun, ya janye a hankali ya leƙa tafinsa. Ranar da wani maraƙi ya lashi kansa bai yi kuka ba. Ya zauna shiru yana dafe da wurin, yana kallon maraƙin kamar an gaya masa wata babbar magana. Komai sai ya ɗanɗana: bakin tabarma, toka mai sanyi, igiyar takalmin ubansa, kashin awaki da ya ɗauka ko aduwa ce. Ba ya tsoron komai domin bai san komai ba, kuma wannan shi ne abin da yake ba ni sha'awa, shi ne kuma yake hana ni cin abinci.

Na gwada dabaru. Na farko, na ɗauki allin da nake shafa wa yatsa in ina kaɗi, na ja layi a ƙasa daga gindin ɗakina zuwa madafa, wai ya san iyakarsa. Ya zo kan layin ya tsaya, zuciyata ta yi fari. Sai ya sunkuya ya lashe shi, ya ɗago da farin baki ya wuce. Sai na jera turame da tsofaffin tukwane da kujerar zama, kamar ina shanya su ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dafawa har ya sami inda ya fi faɗi, ya kwanta ya sulale.

Ƙanwar mijina tana kallona duk tana sane. Ta ce, "Matarmu, kina wahalar da kanki. Ga dangwali can, igiyar ɗaure maruƙa, da wuri ɗaya ba maraƙi. A sa wuyan Babana a ciki, da yamma a sake shi ya sha nono tare da 'yan'uwansa."

Wasa take yi, amma maganar ta zauna mini. Washegari da kowa ya fita na yagi bakin tsohon zani, na ɗaure ƙafarsa ɗaya, ɗaya bakin na ɗaure a turmi. Ya yi gaba, ƙyallen ya ja shi. Ya sake, ya sake ja. Bai dubi ƙyallen ba ko sau ɗaya. Ni ya juyo ya duba, kamar ya san daga inda abin ya fito, sannan ya buɗe baki. Inna ta shigo da itace a ka ta same mu, shi yana kuka, ni ina tankaɗe garin da na riga na tankaɗe. Ta sauke itacen ta kwance shi.

"Maigidana ba maraƙi ba ne," ta ce, ba ta dube ni ba. "Wanda anka ɗaure bai koyon komi, igiya ɗai yaka koyo."

Ban sake ba.

Akwai kuma wani wasa da ƙanwar mijina ta koya masa, wanda ban so ba amma ba ni da bakin hanawa. Za ta durƙusa a bayansa tana buga ƙasa tana cewa, "Zan kama ka, zan kama ka," shi kuma ya zuba da gudu yana ƙyalƙyala dariya, gwiwoyinsa suna tada ƙasa. Har ya zamana duk wanda ya taho da sauri ta bayansa, gaba zai yi, ba ya duban inda ya nufa. Ita ce kuma take yi mini tsiya a kan munduwar. "Wagga tsohuwar munduwa taki ta ishe mu, ƙwas-ƙwas duk yini kamar tsuntsu mai saran itace. Ki ba maƙeri ya yi miki zobe." Ni ban ma gane abin da take nufi ba. Na ɗauka nauyinta ne yake sa ta bugun abubuwa.

Ranar da abin ya faru mijina ba ya nan, an kira mazan ƙauye aikin gyaran ganuwa a Shagari. An gama girbi, matan maƙwabta sun zo taya mu sussuka. Turmi uku aka kafa a inuwar rumbu, mu shida a kai, ana yi ana waƙa. Yaron yana kan tabarma a gaban Inna. Ƙanwar mijina ta je jan ruwan da za a dama fura, ta ja guga biyu, sai awaki suka faɗa wa geron da aka shanya. Ta ajiye guga ta bi su da gudu tana zagi, ba ta mai da ƙyauren ba. Gugan ya kife, ruwan ya malalo siriri a kan ƙasa, yana ƙyalli a rana, har ya iso kusa da tabarma. A daidai lokacin wata tsohuwa ta yi sallama, Inna ta juya suna gaisawa, gaisuwar tsofaffi wadda ba ta ƙarewa.

Na ɗaga taɓarya ke nan na duba tabarma ta gefen ido, na ga ba kowa. Na duba gaba. Yana bin ruwan. Zai mari ruwan da tafin hannu, ya tsaya ya ga yadda ya fantsama, ya matsa gaba ya sake mari. Yana son ya ga inda ya fito, kamar yadda ya bi tururuwa. Tsakaninsa da itacen bakin rijiya bai fi kamu uku ba.

Ƙafata ta yi niyyar gudu, sai na tuna wasan. In ya ji gudu a bayansa gaba zai yi. Na buɗe baki in kira sunansa. Wallahi a lokacin ba kunya a raina ko kaɗan, da surukan duniya duka suna wurin da na kira. Amma sunan bai fito ba. Harshena bai taɓa bin hanyarsa ba. Ina tsaye baki buɗe, taɓarya a hannun hagu, sai na ji hannuna na dama ya sauka da kansa a bakin turmi.

Ƙwas, ƙwas.

Taɓarya biyar suna sauka, mata suna waƙa, awaki suna kuka, ƙanwar mijina tana zagi. Ƙarar ba ta fi ta faɗuwar ƙwallon goriba ba. Amma ya tsaya. Hannunsa ɗaya yana sama, ruwa yana ɗiga daga yatsun. Ya sauke shi a hankali, ya koma da baya ya zauna daɓas, ya juyo. Ya bi matan nan da kallo ɗaya bayan ɗaya har ya zo kaina, ya tsaya yana jira.

Ban taɓa kallonsa ido cikin ido a gaban mutane ba sai ranar. Ban ƙifta ba, don ina ganin in na ƙifta zai juya.

Mutum ɗaya ce ban da shi ta ji bugun. Inna ta katse gaisuwarta, ta miƙe ba gaggawa, ta zagaya ta bayan rumbu ta ɓullo ta ɗaya gefen rijiyar. Ta sa ƙafa ta tura ƙyauren ya rufe, sannan ta sunkuya ta ɗauke shi.

"Maigida, ina za ka ba sallama? Wanka kaka so? Ka bari in ɗora maka ruwa, tsoho da kai ba ka shiga na sanyi."

Sai a lokacin sauran matan suka lura. Aka yi ta salati. Ƙanwar mijina ta zo ta ga inda sawun gwiwarsa ya tsaya a cikin laka, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zani. Ni kuwa na ci gaba da sussuka. Taɓaryata tana sauka a gefen turmi, gero yana zuba. Wata maƙwabciya ta matso ta karɓe ta daga hannuna, ta ce in je in duba wuta. Ba a hura wuta ba a lokacin.

Bayan la'asar, mutane sun watse, Inna ta kira ni in taya ta gyaran auduga. Muka zauna muna cire mata ƙwaya. Can ta ce, "Miƙo hannunki."

Na miƙa. Ta juya munduwar har gefen da ya baje ya dawo sama, ta shafa shi da babban yatsa.

"Tun ran da Maigida ya fara jan ciki nika jin ki. Ya nufi murhu, ƙwas-ƙwas, ki tashi kamar za ki gyara itace ki ɗauke shi. Ya nufi bayan saniya, ƙwas-ƙwas, ki tashi kamar za ki kori kaza. A ƙafar gado, a bakin randa, a kujera. Ke ba ki san kina yi ba?"

"Ban sani ba, Inna."

"Shi ya sani." Ta sake shafa wurin. "Wata nawa kina sanye da ita?"

"Bakwai, ko takwas."

"Wata takwas bai cin tagulla haka, ɗiyata. Wanga aikin shekaru ne."

Ta sake hannuna ta koma kan audugarta. Ni kuwa na zauna ina kallon wurin nan da ya baje, mai santsi kamar bayan cokali. Sai tsamiyar fadamarmu ta zo mini, da warin lawashi, da turmin Adda. Ban tuna rarrafena ba, ba mai tunawa. Amma na tuna ina 'yar shekara biyar ko shida, ina bin fara a cikin alkama, sai kawai in ga na tsaya, ban san dalili ba, in duba gabana in ga ruwa a ƙarƙashin ciyawa. Na tuna ranar da na kai hannu zan ɗauki wata igiya a gindin danga, na fasa, igiyar ta motsa ta shige rami. Duk tsawon rayuwata na ɗauka ni ce mai sa'a. Hawaye ya sauko mini a kan audugar, Inna ta ce hayaƙin maƙwabta ya cika yaji yau.

Da mijina ya dawo daga Shagari, bai gama wanke ƙafa ba Inna ta ce masa, fuskarta ba alamar wasa, "Ka gina wa rijiyar ga baki. Akuya za ta faɗa."

Ya dubi uwarsa, ya dubi ƙanwarsa da ta sunkuyar da kai, bai dube ni ba. Ya ce, "To, Inna." Hannunsa bai huce daga ginin ganuwa ba ya koma kwaɓa ƙasa. Kwana uku ya yi, ya tada mata baki har ƙugu, ya sassaƙa sabon murfi mai nauyin da sai da hannu biyu. Ƙanwarsa ce ta ɗebo masa ruwan kwaɓin duka, ba wanda ya sa ta. Wasan "zan kama ka" kuwa daga ranar ba a sake yin sa ba.

Da na san abin da hannuna yake yi, sai na kusa ɓata shi. Daɗi ya ɗebe ni, na riƙa bugawa a kan komai. Ya ja audugata, ƙwas-ƙwas. Ya kama jelar kyanwa, ƙwas-ƙwas. Kwana biyu ina haka, a na uku ya ɗauki ludayi zai sa a toka, na buga, ya juyo ya dube ni, ya dubi tokar, ya ga ba komai, ya yi dariya ya ci gaba. Na sauke hannuna. Na gane abin yana ƙarewa in ana ɓarnarsa. Daga ranar na tsaya a kan wuta, da ruwa mai zurfi, da bayan dabba, da duk abin da ke ja da ciki. Sauran gidan na bar masa. Ya ci ƙasa, ya yi wanka da toka, ya fasa mini ƙwarya biyu, kaza mai 'ya'ya ta koya masa abin da ni ban koya masa ba. In na buga kuwa sai na tashi na je, ko wa ke wurin, na ɗauke shi na nuna masa wani abin. Ba na bugawa in zauna. A hankali ya dawo yana tsayawa. Har yanzu abin yana ba ni mamaki, mutum bai iya cewa ruwa ba, bai san sunan kansa ba, amma ya san akwai wadda take ganin abin da ba ya gani, kuma ya yarda da ita.

Da rani ya zagayo aka kai ni Danchadi ganin gida, yana shekara guda, ya fara tsayawa yana dafa bango. Na gaida Adda, ta amsa tana duban ƙofa, ta karɓi jikanta ta yi ta yi masa tsiya, wai wane irin miji ne wannan da ya zo ba ko goro. Ta ga munduwar a hannuna, ta koma kan jikanta. Ni ma na kau da kai. Ba maganar da za mu iya yi a kai, ni da ita.

Kwana biyu da zuwana na bi su Adda fadama. Tana gindin tsamiyarta da turminta. Na goya shi na shiga cikin albasa ina nuna masa jigon ban ruwa yana sunkuyawa yana ɗagowa, ina tafiya ina waiwayen fuskarsa ta kafaɗata, don a nan ba mai ganina. Sai na ji ƙafafuna sun tsaya. Sun riga kunnena, domin sai da na tsaya sannan na san na ji wani abu: bugu biyu, na ludayi a bakin turmi, daga can nesa. A bayana ma na ji yaron ya yi tsit, ya daina wutsil-wutsil. Na duba ƙasa. Taku ɗaya a gabana ciyawa ta kwanta a kan bakin wata tsohuwar rijiya.

Na juya. Adda tana dunƙula gabu, kanta a sunkuye, tana yi wa gwaggo maganar tsadar gishirin da fatake suka kawo. Na daɗe a tsaye a wurin, mu biyu, ni da wanda ke bayana.

Karatuna bai yi nisa ba, iyakar abin da na samu a makarantar baffana ne kafin aure, wanda ya ga harafi a karkace ya daidaita shi a ransa. Abin da nake roƙon wanda wannan takarda ta shiga hannunsa kaɗan ne. In akwai yarinya mai ɗan fari a gidanku, ku gina wa rijiya baki tun kafin ya fara jan ciki, ku kuma kange murhu. Kada ku jira ta roƙa, ba za ta iya ba. In ta ce muku akuya za ta faɗa, ku tashi ku kwaɓa ƙasa a ranar.